Gyaran Keke a Gida: Yadda Ake Kwance Abin da Ya Cije da Cire Abin da Ya Karye

Kusan duk tambayar da ake yi mini a kan gyaran keke, idan aka tace ta, ba ta wuce uku ba: feda ta ƙi fita, sandar sirdi ta ƙi motsi, ko noti ya karye ya bar gindinsa a ciki. Galibin masu tambayar sun riga sun gwada ƙarfi, kuma ƙarfin ne ya mayar da ƙaramin aiki babba. Ga tsarin da za ka bi daki-daki. Bayanin ya shafi kekunan da suka fi yawa a hannun mutanenmu, wato baƙin keke mai ƙafa ta inci 28 da birkin ƙarfe irin su Raleigh, Phoenix da Hero, da kuma kekunan gwanjo masu giya da ake shigowa da su daga Turai.

1. Haɗa kayan aiki

Ba sai ka buɗe shago ba. Ka samu sifana masu lamba 8, 9, 10, 13, 14, 15 da 17. Idan kuɗinka bai kai na duka ba, fara da 10 da 15, domin su ne za ka fi ɗauka. Ka haɗa da alanki (ƙarfe mai kusurwa shida da ake zurawa cikin ramin kan noti) masu lamba 4, 5, 6 da 8 idan kekenka mai giya ne, da filaya, sukudireba, guduma matsakaiciya, fanci ko dogon ƙarfe mai tsini da ba ya lanƙwashewa, magagari, zarton ƙarfe, da bututun ƙarfe mai tsawon kamu biyu wanda sifana za ta iya shiga cikinsa. Sai kananzir, giris, man inji sabo, tsohon buroshin haƙori, tsumma, da ɗan maganaɗisu, ko da na tsohuwar lasifika ne.

Maganaɗisun nan yana da aiki babba. Idan ya kama ƙarfe, baƙin ƙarfe ne. Idan bai kama ba, alminiyom ne. Yadda ake bi da su ya bambanta, kamar yadda za ka gani a ƙasa.

Batun kuɗi: farashi yana hawa da sauka tare da naira da sefa, don haka ka tambaya a shago biyu ko uku kafin ka saya. Abin da ba ya canzawa shi ne jerin tsada. Boris, robar bawul, kota da sifok su ne mafi araha. Sai robar birki, wayar birki da tiyub. Sai sarƙa, feda da firiwil, wato haƙoran da sarƙa ke hawa a ƙafar baya. Hannun feda, wili da fok (ƙarfen da ke riƙe ƙafar gaba) su ne masu cin kuɗi. Duk dabarar gyara ita ce ka sadaukar da mai araha domin ka ceci mai tsada.

*Gargaɗi:* kada ka yi rowa wajen sayen sifana. Mai arha bakinta buɗewa yake yi, ta zame, ta cinye kusurwoyin noti. Tsohuwar sifanar gwanjo mai kyau ta fi sabuwa mai sheƙi da ba ta da ƙwari. Kuma duk inda sifana mai zobe za ta shiga, ita za ka fifita a kan mai buɗaɗɗen baki.

2. Wanke keken tukuna

Ƙurar hunturu da laka ta damina suna rufe kan noti har ka kasa gane girmansa. Ka wanke keken da ruwa da sabulu, ka goge wurin da za ka yi aiki da buroshi da kananzir. Ramin alanki musamman, ka ƙwaƙule shi da allura ko ƙusa har ƙasa, domin idan alanki bai shiga duka ba, da murɗawa ɗaya zai lashe ramin.

Ka shimfiɗa buhu ko tabarma a ƙasa, ka ajiye kwano kusa. Duk abin da ka ciro, ka jera shi yadda ya fito, kuma ka ɗauki hoto da wayarka kafin ka kwance.

*Gargaɗi:* kada ka kai keke wurin wankin mota a watsa masa ruwa mai ƙarfi. Ruwan yana kutsawa cikin boris ya kore giris. Kada kuma ka wanke sarƙa da fetur a tsakar gida inda ake girki.

3. Matakan kwance abin da ya cije

Wannan jeri shi ne ginshiƙin aikin. Ko me ya cije, haka za ka bi shi, ba tsallake.

Na farko, tabbatar da inda ake juyawa. Yawancin notuna ana kwance su ne ta juyawa saɓanin hannun agogo, amma akwai wurare a jikin keke da aka juya zarensu. Za mu zo kansu.

Na biyu, jiƙa. Ka zuba man sassauta tsatsa irin WD-40, in babu, kananzir ko man gas. Ka karkata keken yadda man zai gangara cikin zaren, ka bar shi ya kwana. Da safe ka ƙara. Abin da ya shekara biyar yana tsatsa ba zai saki cikin minti goma ba. Wasu masu gyara suna zuba man birkin mota. Yana ratsawa, amma yana cin fenti, don haka in za ka yi amfani da shi ka rufe jikin keken.

Na uku, bugu. Ka ɗora sifana ta zauna daram, ka buga ƙarshenta da guduma, bugu gajere mai kaifi. Girgiza tana fasa tsatsa fiye da dogon ja. Wani lokacin ma idan ka ɗan ƙara matse notin kaɗan kafin ka kwance, sai ka ji ya yi ƙara ya saki.

Na huɗu, ƙara tsawon hannu da bututun nan.

Na biyar, zafi. Ka fara da tafasasshen ruwa. Wuta ta biyo baya, kuma a kan baƙin ƙarfe kawai.

Na shida, yankewa ko hudawa.

Da zarar abu ya fara motsi, kada ka yi ta murɗawa gaba ɗaya. Ka kwance rabin zagaye, ka mayar kaɗan, ka ƙara mai, ka sake kwancewa.

*Gargaɗi:* idan kana ja ka ji notin ya yi laushi ba tare da ya yi ƙarar saki ba, tsaya. Ba kwancewa yake yi ba, murɗewa yake yi zai karye.

4. Feda

Fedar hagu zarenta a juye yake. Nan ne mutane suka fi ɓata hannun feda, suna ƙara matsewa alhali suna zaton kwancewa suke yi. Hanyar tunawa mai sauƙi: ka sa sifana 15 hannunta yana kallon sama, ka tura shi zuwa ƙafar baya. Haka ake kwance feda, ko ta dama ko ta hagu.

Idan ta cije, ka tsayar da keken a ƙasa a kan ƙafafunsa, ka juya hannun fedar ya kalli gaba, ka sa sifanar hannunta ya kalli baya kusan a kwance, wani ya riƙe maka birki, kai kuma ka taka sifanar da ƙafa. Nauyin jikinka ya fi ƙarfin damtsenka. Idan hannun fedar alminiyom ne, zuba masa tafasasshen ruwa daidai wurin zaren, domin alminiyom yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe, sai ya saki sandar fedar.

Wajen mayarwa, duba harafin da ke ƙarshen sandar: R ta dama, L ta hagu. Tsofaffin kekunan Faransa, irin Peugeot da ake samu a Nijar, suna iya ɗauke da D na dama da G na hagu, kuma zarensu ya ɗan fi siriri, don haka fedar kasuwa ba lallai ta shiga ba. Kekunan yara da yawa ma zarensu rabin inci ne, ba 9/16 na manya ba. Ka shafa giris, ka fara murɗawa da yatsu. Idan ta ƙi shiga da yatsu, a karkace take, ko ba tata ba ce.

*Gargaɗi:* kafin ka fara ja, ɗora sarƙa a kan babban faranti. Idan sifana ta zame, haƙoran farantin da ke tsirara za su yage maka bayan hannu.

5. Kota da hannun feda

Baƙin keke mai ƙafa 28 ana riƙe hannun fedarsa da kota, wato gajeriyar ƙusa mai fiƙaƙƙen gefe ɗaya da ƙaramin noti. Idan kana taka feda kana jin ta faɗa gaba kaɗan kafin ta kama, kota ce ta cinye.

Cire ta yana da tsari. Ka kwance notin har samansa ya yi daidai da ƙarshen zaren, kada ka cire shi duka. Ka juya hannun fedar ya kwanta, notin yana sama. Ka tsayar da gajeren bututu, wanda tsawonsa ya kai hannun fedar, a ƙasa mai tauri, ka sa bakinsa a ƙarƙashin hannun fedar, yadda kan kotar zai faɗa cikin ramin bututun. Sannan ka kai wa notin duka ɗaya mai nauyi. Ƙananan bugu ashirin lanƙwashe kota suke yi, ɗaya mai ƙarfi shi ke fitar da ita. Idan zaren ya riga ya lanƙwashe, yanke shi da zarto daidai da jikin hannun fedar, ka ɗora fanci ka buge sauran.

*Gargaɗi:* kada ka taɓa bugun kota babu tokari a ƙasa. Duk dukan zai sauka a kan boris ɗin ciki, ya lotsa mazauninsu, gobe ka ji keke yana gurnani.

Ka tafi shago da tsohuwar kotar, domin kaurinsu ya bambanta. Kekuna masu tsarin Ingila galibi milimita 9.5 ne, na Faransa 9. Ka sayi biyu ka canza su tare. Wajen sawa, fiƙaƙƙen gefen ya fuskanci fiƙaƙƙen wurin da ke jikin aksul. Idan ba ta shiga yadda zare zai leƙo sosai ba, ka ɗan goge gefen da magagari. Guduma ce ke zaunar da kota, noti riƙewa kawai yake yi, in ka ce da noti za ka jawo ta, zaren zai tsinke. Kuma idan hannayen feda biyu suna kwance, notin ɗaya ya kalli sama, ɗaya ya kalli ƙasa. In duka suka kalli wuri guda, fedojin ba za su yi layi ɗaya ba, sai ka ga mutum yana tuƙi kamar mai ɗingishi. Bayan tafiyar kwana biyu ka sake bugawa ka ƙara matse notin.

Kekunan gwanjo kuwa yawancinsu ba su da kota. Aksul ɗinsu mai kusurwa huɗu ne, ana riƙe hannun da noti mai lamba 14 ko alanki 8. Bayan ka cire notin da washarsa, sai an yi amfani da wani ƙaramin maciri da ake murɗawa cikin hannun fedar ya turo shi waje. Ka saya ko ka ara wurin mai gyara. Ka murɗa shi ya shiga har ƙarshe kafin ka fara turawa, in ba haka ba zai fizge zaren alminiyom ɗin. Idan zaren ya riga ya tafi, akwai dabara: mayar da notin amma ka bar shi sako-sako, ka hau keken ka yi ta zagaye a hankali a cikin unguwa har hannun ya saki. Wannan yana iya lalata ramin hannun, don haka sai in dama canza shi za ka yi.

6. Sandar sirdi

Wannan ita ce uwar matsaloli, kuma ita ce ke buƙatar haƙuri fiye da komai. Ruwan sama da gumi suna gangarawa tsakanin sandar da bututun firam. Idan duka biyun baƙin ƙarfe ne, tsatsa ce kawai, mai zai ci ta. Idan sandar alminiyom ce a cikin firam na baƙin ƙarfe, wani farin gari ne ke tsirowa tsakaninsu ya cika wurin, kuma mai ba ya narkar da shi sosai. Don haka ɗauko maganaɗisu ka san da wa kake faɗa.

Ka cire notin da ke matse sandar gaba ɗaya. Ka sa sukudireba mai faɗi a tsagar da ke bayan bututun ka ɗan buɗa ta kaɗan, kaɗan fa, domin kunnuwan nan suna karyewa. Ka zuba mai ta sama ya kwana. In bai yi ba, ka kifa keken, ka kwance aksul ɗin feda, ka zuba man ta cikin bututun ya taru a kan sandar daga ƙasa, ka bar shi kwana biyu ko uku.

Sannan ka ɗaura tsohon sirdin da ba ka so, ka kama hancinsa da bayansa ka yi ta murɗawa hagu da dama. Burinka a nan ta juya, ba ta fito ba. Da ta juya ko da kaɗan ne, an gama da wuyar, sai ka ci gaba da murɗawa kana jan sama kana ƙara mai.

Idan ta ƙi, ka cire ƙafafun keken, ka je wurin mai walda ko makaniken da ke da bais, wato ƙarfen da ake danne abu a bakinsa. A kifa keken, a danne kan sandar a cikin bais ɗin, mutum biyu su kama firam su juya shi. Tsawon firam ɗin shi ne ƙarfinku.

*Gargaɗi:* kada ka buga sandar ciki da guduma da sunan za ka fasa tsatsa. Sau da yawa nutsewa take yi, ka rasa abin kamawa. Kada kuma ka sa wa sandar alminiyom wuta, domin ita za ta fi kumbura ta ƙara cijewa. Sanyi ne ke taimaka mata: a ɗaure ƙanƙara a kan sandar, a zuba ruwan zafi a kan bututun firam.

Mataki na ƙarshe shi ne yanka. Ka yanke sandar ka bar kamar yatsu biyu a waje. Ka ɗauki bakin zarto tsirara, ka naɗe gefe ɗaya da tsumma, ka zura cikin ramin sandar ka tsaga ta a tsaye daga sama har ƙarshenta, tsaga biyu suna fuskantar juna. Ka riƙa tsayawa kana haska fitila, kada ka shiga jikin firam. Daga nan ka matse da filaya ta naɗe ta fito. Aikin yini ne.

Za ka ji masu cewa a narkar da sandar da sodar masu yin sabulu. Gaskiya ne tana cin alminiyom, amma tana tafasa, tana fitar da iska mai kama wuta, tana ƙona fata, tana makantarwa. Ba aikin tsakar gida ba ne, balle gidan da ke da yara.

Sabuwar sanda sai mai kauri daidai. Lambar tana rubuce a jikin tsohuwar, kamar 25.4 ko 27.2. Ka shafe ta da giris, kuma kada ka ɗaga ta ta wuce layin da aka zana a jikinta.

7. Kan keke

Dogon noti ne ya ratsa daga sama zuwa cikin fok, a ƙarshensa akwai ƙaramin ƙarfe da ke buɗewa ya kama. Ka kwance notin zagaye uku ko huɗu har kansa ya ɗago, ka ɗora katako a kai, ka buga shi ƙasa. Bugun shi ke sakin ƙarfen. Masu cire notin gaba ɗaya suna ta jan kan keke sama, ba abin da zai motsa. A baƙin keke, sai ka fara sassauta ƙananan notunan sandunan birki tukuna.

In har yanzu ya cije, kifa keken ka zuba mai ta ƙarƙashin fok. Idan za ka murɗa, ka bar ƙafar gaba a ɗaure, ko ka sa katako tsakanin ƙafafun fok can sama kusa da kafaɗarsa.

*Gargaɗi:* idan ka matse tayar gaba tsakanin gwiwoyinka ka murɗa da dukan ƙarfinka, fok ko wili ne zai karkace kafin kan ya saki.

8. Notin da ya lashe ko ya karye

Idan kusurwoyin noti sun cinye, ka goge gefe biyu da magagari su miƙe, ka sa sifana ƙarama da ta dace da sabon girman. Idan ramin alanki ne ya lashe, ka tsaga kan da zarto ka yi amfani da sukudireba mai faɗi. Idan noti ne a kan aksul, ka tsaga gefensa da zarto har kusa da zare, ka sa kurfi ka buga, zai fashe ya bar aksul lafiya.

Idan ya karye amma akwai ɗan saura a waje, ka jiƙa shi, ka kama da filaya mai kullewa. Idan ya karye daidai da jiki, ka ɗora fanci a gefensa ka riƙa bugawa a karkace ta wajen kwancewa. In ya ƙi, mai walda zai ɗora wani noti a kai ya liƙa, zafin waldar ma kan taimaka ya saki. Hudawa ita ce ta ƙarshe, a fara da siririn baki, a tsakiya cif.

*Gargaɗi:* tsofaffin Raleigh na Ingila suna da nasu zaren daban a wurin aksul ɗin feda da wuyan fok, 26 a kowane inci maimakon 24 da sauran ke da shi. Da ido ba za ka gane ba. Idan sabon kaya ya shiga zagaye biyu ya tsaya, kada ka tilasta shi, nemo na tsohon keke irinsa.

9. Sarƙa da firiwil

Sarƙar da ta yi tsatsa, ka jiƙa ta cikin kananzir ta kwana, ka goge, ka shanya. Gaɓar da ta ƙage, ka kama gefe da gefe ka lanƙwasa ta hagu da dama har ta saki. Ka ɗiga man inji ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, ka juya feda baya, sannan ka goge na wajen sarai da tsumma. Man da ke ciki shi ke aiki, na waje ƙura kawai yake tarawa, ita kuma ƙura da mai idan suka haɗu cin ƙarfe suke yi. Baƙin mai da aka juye daga inji ya riga ya cika da garin ƙarfe, man gyaɗa kuma daskarewa yake yi ya zama danƙo.

Auna sarƙa da ma'auni: daga tsakiyar ƙusa ɗaya, inci 12 ya kamata ya faɗa daidai tsakiyar wata ƙusar. Idan ta zarce da milimita ɗaya da rabi, canza sarƙa. Idan ta kai uku, firiwil ma ya tafi, sabuwar sarƙa za ta riƙa tsalle a kansa. Keke marar giya yana amfani da sarƙa mai faɗin 1/8 na inci, mai giya siririya, ba a musanya su. Ƙaramin makullin mahaɗar sarƙa, rufaffen kansa ya kalli inda sarƙar ke tafiya. A keke marar giya, ka ja ƙafar baya har sarƙa ta riƙa motsi sama da ƙasa kamar faɗin yatsa ɗaya, ba ta yi tsam ba.

Idan kana taka feda tana juyawa a banza, ƙananan harsunan cikin firiwil ne suka manne. Kwantar da ƙafar, ka zuba kananzir ta tsagar da ke fuskarsa kana juyawa har ka ji ƙas-ƙas ta dawo, sannan ka bi da man inji. Giris mai kauri ba ya shiga nan. Cire firiwil gaba ɗaya kuwa sai da maciri irin nasa, a danne macirin a bais, a juya ƙafar saɓanin hannun agogo. Yana da tauri ƙwarai domin duk takun da ka yi ƙara matse shi yake yi.

10. Boris

Ka ɗaga ƙafa ka girgiza ta gefe da gefe. In tana kaɗawa, kon, wato notin da ke danne boris a jikin aksul, ya saki. In tana gurnani, ya matse ko giris ya ƙare. Ka kwance gefe ɗaya kawai, na hagu, ka zare aksul a kan kwano. Yawanci ƙafar gaba tana da boris 10 a kowane gefe masu girman 3/16 na inci, ta baya 9 masu girman 1/4, aksul ɗin feda kuma 11 masu girman 1/4. Ka ƙirga naka kafin ka zubar. Ka canza su duka, kada ka gauraya tsoho da sabo, kuma ɗan gurbin da ya rage ba na ƙarin ƙwaya ba ne. Ka matse kon har kaɗawa ta ɓace amma ƙafar tana juyawa sumul, ka riƙe shi da siririyar sifana ka kulle notin waje a kansa.

*Gargaɗi:* mazaunin boris na aksul ɗin feda ta gefen sarƙa, a yawancin kekuna zarensa a juye yake, ana kwance shi ta bin hannun agogo. In ba ya lalace ba, bar shi a wurinsa ka wanke shi ta ɗaya gefen.

11. Faci da taya

Kafin ka ciro tiyub, shafa yawu a bakin bawul. A baƙin keke, siririyar robar da ke cikin bawul tana tsagewa da zafin rana, kuma canza ta ya fi faci araha. In ba ita ba ce, ka ciro tiyub da bayan cokali, ba da sukudireba ba. Ka hura, ka tsoma a ruwa, ka yi alama. Ka goge wurin da samfefa ya fi facin faɗi, ka shafa sholisho siriri, ka jira kamar minti biyar ya daina sheƙi, sannan ka manna ka danne. Facin da aka manna a kan ɗanyen sholisho shi ne ke tashi a hanya.

Ramin zai gaya maka sanadi. Ɗaya a bayan tiyub, ƙaya ce, kuma tana nan cikin taya. Ka bi cikin tayar da tsumma, sannan da yatsa a hankali, domin tsidau da ƙayar aduwa suna karyewa su ɓuya. Ramuka biyu a jere, iska ce ta yi kaɗan wili ya cije tiyub. Rami ta ciki, kan sifok ne, sai ka naɗe wilin da yankin tsohon tiyub.

*Gargaɗi:* wajen sayen taya, kada ka ce “28” ko “26” kawai. Duba lambar da ke gefen tsohuwar. Baƙin keke 635 ne, amma kekunan Turai da yawa da aka rubuta wa 28 suna da 622. Haka 26 akwai 559 akwai 590. Ba ɗaya da ke hawa wilin ɗan'uwansa.

12. Sifok da ya tsinke

Galibi a ƙafar baya yake tsinkewa, ta gefen sarƙa, don haka sai an cire firiwil. Ka kai tsohon a auna tsawo. Ka zura sabon ka bi yadda maƙwabtansa suka sarƙe, ka matse har ƙararsa in ka kaɗa shi ta yi daidai da tasu. Idan wili ya karkata, ka matse sifok na ɗaya ɓangaren kwatan zagaye a kowane karo, kana juya ƙafar kana kallon tazararta da robar birki. Idan uku ko huɗu suka tsinke a jere cikin ɗan lokaci, sauran ma sun gaji, a sake saƙa ƙafar gaba ɗaya. Masu ɗora buhun hatsi ko jarkokin ruwa a kariya su suka fi gamuwa da wannan.

13. Abin da ba a gyarawa a gida, da duba na ƙarshe

Firam na baƙin ƙarfe da ya tsage, ƙwararren mai walda zai iya ɗinke shi. Na alminiyom ba aikin waldar bakin titi ba ne. Fok, kan keke ko hannun feda na alminiyom da ya lanƙwashe, kada a miƙe shi, a canza, domin karyewarsa ba ta sallama. Wayar birkin da ta fara warwarewa ma canzawa ake yi, ba a ƙulla ta.

Wajen haɗawa, duk zaren da ka kwance ka shafa masa giris, haka sandar sirdi da wuyan kan keke. Sau biyu a shekara, kafin damina da bayanta, ka zare su ka sake shafawa. Wili da robar birki kuwa ko ɗigon mai kada ya taɓa su.

Kafin ka hau titi, ka matse birkin gaba ka tura keken gaba da baya ka ji ko wuya yana kaɗawa. Ka ɗaga shi kamar taƙi ɗaya ka sake shi, duk abin da ya yi ƙara ka neme shi. Ka tabbatar notunan ƙafafu sun matsu, robar birki tana sauka a kan wili ba a kan taya ba, sannan ka gwada kowane birki shi kaɗai a cikin lungu, da kaya a kariya idan keken na ɗaukar kaya ne.